Saƙon da Na Kasa Kai wa Kakata

Kwanakin baya ina zaune a tashar mota a Kaduna ina jiran wani baƙo, sai na ji wata tsohuwa a bayana ta ce wa wata ƙaramar yarinya, "Ke, hwaɗa ma wanga shi samo muna ruwa." Na waiwaya. Wanda take nufi yana tsaye dab da ita, ƙato da shi har da furfura a gemu. Ya ji ta sarai, amma bai motsa ba sai da yarinyar ta maimaita masa. Ba sai na tambaya ba, na san ɗanta ne na fari, kuma harshenta ya gaya mini mutanen yammacin Zamfara ne. Da baƙona ya iso ya tarar ina share ido, na ce masa hayaƙin mota ne.

Ban sani ba ko kai mai karatu ka tarar da wannan al'ada da ƙarfinta. A tungarmu, wani ɗan ƙauye can tsakanin Bukkuyum da Gummi, kusa da gulbi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kunya ce, kuma matan da suka fi son 'ya'yansu su suka fi tsananta ta. Aikin duba lafiyar dabbobi ya kai ni Nijar da Mali da Kamaru, na ga Fulanin can sun ma fi mu riƙe ta. Da na je ƙasar Italiya kuwa, na ga wata uwa ta rungume ɗanta mai sanƙo a bakin titi tana sumbatarsa, sai ni da nake kallo na sunkuyar da kai.

Mahaifina ɗan fari ne. Iyayensa masu bin addinin kakanni ne, suna yanka a gindin tsamiya idan shuka ta zo. Yana saurayi ya tafi Gusau aiki a gidan gurzar auduga, can ya haɗu da 'yan Katolika, ya koyi karatu, aka yi masa baftisma, wato aka zuba masa ruwan shiga addinin Kirista. Da ya dawo, gida huɗu suka bi shi. Sauran mutanen tungar Musulmi ne, sai 'yan tsofaffin da suka tsaya kan na da. Shi yake jan mu addu'a ran Lahadi a ƙarƙashin rumfar kara, domin Fada, limamin Katolika, sau biyu yake zuwa a shekara: da bazara kafin gulbi ya cika, da kuma bayan girbi idan ruwa ya ja.

Kakata ba ta taɓa cewa komai game da sauyin addininsa ba. Ba ta yaba ba, ba ta tsine ba. Ɗakinta yana bayan wani darni na karan dawa a cikin gidanmu, kuma kowace safiya Baba zai tarar da ƙwaryar fura a kan turmi a bakin darnin, an rufe da faifai. Shekara ashirin ana haka.

A shekarar da nake ba ka labari, ina da kamar shekara goma, ƙafafunta suka fara kumbura. Da Fada ya zo da bazara, wani bature mai jan gemu, sai ta kira ni. Ka san wasan kaka da jika. Ni ne "maigidanta".

"Maigida, zo in aike ka, tunda noma ya gagare ka. Tahi ka hwaɗa ma mai gemun can, ina son ruwan da anka zuba ma wancan."

Baba yana jin haka ya ajiye abin da ke hannunsa ya shige ɗaki. Fada kuwa ya ce ya yi murna, amma ba zai zuba mata ruwa ba sai ta san wurin wanda za ta. A koya mata da damina, in ji shi, idan gulbi ya ja zai dawo ya yi mata tambaya. Ya dubi ƙafafunta, ya dubi Baba. Kowa ya gane cewa idan ta wuce wannan zuwan, da wuya ta ga na gaba.

To, wa zai koya mata? Duk tungar mutum ɗaya ne ya san koyarwar, shi ne kuma mutumin da ba za ta zauna da shi ba.

Ga yadda aka shirya. Da la'asar, idan an dawo gona, Kaka za ta zauna a nata ɓangaren tana kaɗin auduga. Baba zai zauna a namu ɓangaren yana tufkar igiya ko gyaran ƙotar fartanya. Ni kuma ina kan turmi a tsakiyar ƙofar darnin, da littattafai biyu a cinya: ƙaramin littafin koyarwa mai tambaya da amsa wanda bangonsa ya cire, da babban Littafi Mai Tsarki da Baba yake naɗewa cikin fatar akuya saboda gara. Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Suna jin tarin juna. Amma kowace kalma sai ta bi ta bakina.

Da farko Baba ya so ta haddace amsoshin kamar yadda aka koya masa. Kwana uku aka yi, sai ta ce, "Hwaɗa mai ni ba aku ba ce. Kai kuma kana karatu kamar mai tauna tsakuwa. In haka za ka riƙa yi, sake ni in nemi wani miji." Daga ranar aka bar hadda. Ni in karanta, ita ta yi tambaya, Baba ya amsa.

Har yanzu ina jin ƙanshin waɗannan ranakun: jiƙaƙƙen kara, hayaƙin ɗanyen itace, miyar tafasa da mahaifiyata take dafawa. Gero ya fara tsiro ranar da na karanta cewa mutum yana iya sanin akwai Allah ta wurin abubuwan da ya halitta. Kaka ta ce wannan ai ba sai an ɓata takarda ba. Idan ka tashi ka tarar an ajiye maka itace a ƙofar ɗaki, ka san wani ya zo. "Amma tambai shi," in ji ta, "ta yaya zan san ko mai itacen so na shikai, ko ko nauyi ya ishe shi ya yar nan?"

Na ji Baba ya yi 'yar dariya a bayan darni. Ya ce in ce wa Inna tambayarta ita ce kan maganar duka. Ruwa da gero suna nuna akwai mai bayarwa, amma ba sa faɗin abin da ke zuciyarsa. Shi ya sa Allah bai bar mu da zato ba, ya buɗe baki. Kuma abin da ya so mu sani ba dokoki kaɗai ba ne; kansa ya so ya bayyana mana, kamar yadda mutum yake buɗe cikinsa ga amininsa.

Muka shiga labaran annabawa, muka yi ta tafiya cikinsu har gero ya kai ƙugu. Tsohon da aka ce ya bar garinsu ya tafi inda bai sani ba. Makiyayin da aka yi wa magana daga cikin wuta. Baba ya ce kaɗan kaɗan Allah ya riƙa koyar da mutane, yadda ake fara wa jariri da kunu kafin tuwo. Wannan sashen ya yi wa Kaka daɗi ƙwarai. Ta ce ashe Allah mai kunya ne, ya san girmansa, aike yake yi. Ƙawarta, matar limamin tungarmu mai sayar da daddawa, takan zo dubiya ta zauna su raba goro tana saurare. Ta ce su ma a wurinsu ta hannun mala'ika wahayi ya sauko. Kaka ta gyaɗa kai ta ce haka ya dace da babba.

Wata rana ta tsayar da ni ta ce in tambaya: kafin a rubuta wannan duka, ina maganar take zaune? Baba ya ce a bakin mutane. Manzanni sun gani da idonsu, suka faɗa wa na bayansu. An rubuta wani, wani kuma aka riƙa miƙa shi hannu da hannu cikin addu'a da ibada da zaman jama'a, kuma ikilisiya, wato jama'ar masu bi, tana riƙe da su biyun kamar ruwan rijiya ɗaya. Kaka ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. "To, ashe akwai wurin zaman wadda ba ta iya karatu ba," ta ce.

Rikicin ya zo ne da gero ya fitar da kai. Na karanta cewa bayan annabawa duka, Allah ya daina aike, ya zo da kansa cikin Ɗansa, Yesu Almasihu, ya ci abinci da mutane, ya yi musu magana fuska da fuska, kuma bayan wannan babu wata sabuwar magana da ake jira. Baba ya ce in buɗe babban Littafi wurin da aka yi wa Yesu baftisma a kogi. Na karanta yadda murya ta fito daga sama, Uban ya shaida wa taron cewa wannan Ɗansa ne, kuma yana ƙaunarsa.

Mazari ya tsaya.

"Gaban mutane?"

Na ce e, Kaka.

"Ɗan nashi na hwari?"

Baba ya ce in ce mata shi kaɗai ne ma.

"Da bakinai ya ce shina son shi? Ba aike ba?" Ta naɗe zarenta ta jefa cikin kwando. "Ruhe takardar. Hwaɗa mai babba ba ya haka. Wanga rashin ta ido ne, ni ba ni bin shi."

Kada ka yi mata dariya. A idonta, abin da ya bambanta mutum da dabba shi ne ya iya danne abin da ke ransa. Duk rayuwarta a kan wannan ta gina mutuncinta, sai ga shi ana gaya mata cewa Mai sama da kansa bai danne ba.

Aka daina karatu. Baba ya yi ta aiko ni da bayani, ita kuma amsarta ɗaya ce: "Na ji." Aka yanke gero. Gulbi ya fara ja, yashi ya fito a tsakiyarsa. Kumburin ya wuce gwiwa, har ba ta iya zuwa bakin darni da furar sai ta dafa bango, amma ba ta fasa ba ko rana ɗaya.

Wata safiya Baba ya ɗauki ƙwaryar, bai sha ba, ya kira ni can gindin rumbu inda ba za ta ji ba. Ya daɗe yana tsaye. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa:

"Ka ce ma Inna, in ba ta son ruwan, ba tilas. Amma ni akwai abin da nike son in sani kahin ta tahi. Tun randa na bar tsamiya ban san ko hushi takai da ni ba. Ko da rana guda ban ji daga bakinta ba ko ni ɗa ne da anka yarda da shi." Ya share fuska da hannun riga. "Tahi."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Daga rumbu zuwa ɗakin Kaka taku ashirin ne, amma kafin in kai, saƙon ya yi mini nauyin da ba zan iya ba. Yaya yaro zai dubi tsohuwa ya faɗi irin wannan? Na tsuguna a ƙofarta na ce, "Baba ya ce ya ya ƙafa."

Ta dube ni. Ashe ta tsakanin karan darni tana hangen mu.

"Maigida, namiji ba ya tsayi haka gindin rumbu shina share ido don tambayar ƙahwa. Tun yaushe kake rage min saƙo?"

Na ce wani lokaci idan ya yi tsawo nakan gutsure. Ta ce na yau fa? Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Da ƙyar na fitar da guntu: "Ya ce... wai ko kina fushi da shi. Wai bai sani ba."

Sai ta ce, ba da ni take ba, "Shekara ashirin ina aje mai hura." Can kuma ta ce, "Ashe hura ba ta magana." Ta jawo ni ta goge mini fuska da bakin zanenta. "Bari kuka. Ba kayanka ba ne, ya hi ƙarhin wuyanka. Tahi ɗauko takardar, ka koma min wurin kogin nan."

Sau uku ta sa na karanta mata shi a ranar. Ba ta ba ni amsar da zan kai wa Baba ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Fada ya iso bayan an gama ɗaurin dawa, an tsallako da babur ɗinsa cikin kwalekwale. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a ƙofar ɗakinta domin ba ta iya zuwa rumfa. Mutanen gidajen nan huɗu suka taru, matar liman ma ta tsaya a bayan darni da wasu mata. Baba ya koma can baya kusa da rumbu, yadda ya saba. Fada ya tsuguna ya yi mata tambayoyi da lanƙwasasshiyar Hausarsa, tana amsawa da nata kalmomin. Daga ƙarshe ya ce, "Kaka, tunda Allah ya aiko annabawa, me ya sa bai tsaya nan ba?"

Ta nuna ni da haɓa. "Ka ga wanga mijin nawa? Shina kai gishiri, shina kai goro, ba ya ci a hanya. Annabawa ma sun kai abin da anka ba su, ba su rage ba kamar shi. Amma akwai maganar da mai ita kaɗai ka iya kai ta. Nan kunya ba ta da amhwani."

Fada ya miƙe. Ya ɗauko ruwa, ya ce a samu wanda zai tallafe ta, domin ba ta iya sunkuyawa ita kaɗai. Mahaifiyata ta yunƙura. Kaka ta ɗaga mata hannu. Sannan ta juya fuskarta wajen rumbu, ta kira sunan mahaifina. Sunansa na yanka, wanda ita ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa.

Baba ya waiwaya bayansa, kamar akwai wani mai sunan a can. Matar liman ta rufe baki da mayafi. Kaka ta sake kira, da ƙarfi.

"Matso nan," ta ce. "Ban taɓa hushi da kai ba. Kai ɗa ne. Riƙe min kai."

Ya zo da rarrafe, babban mutum mai shekara arba'in. Ya riƙe kanta a tafin hannunsa, ruwan ya bi ta furfurarta ya gangara ta tsakanin yatsunsa.

Za ka so in ce daga ranar suka zauna suna hira. Ba haka aka yi ba. Washegari da safe ta kira ni ta ce, "Hwaɗa ma wancan jinkar ɗakina ta zame." Sau ɗaya ta yi magana, ta ga ya isa. Ta rasu kafin ruwan farko na damina ya sauka, aka binne ta a bayan gida.

Tungar nan yau babu kowa a cikinta. Da zinariya ta bayyana a wajen Anka samari suka watsar da fartanya, sannan gubar dalma ta cinye yara a ƙauyukan can, daga baya 'yan bindiga suka kori wanda ya rage. Mutanenmu suna warwatse a Gummi da Gusau da nan Kaduna, Musulminmu da Kiristanmu, ko'ina ana ce musu 'yan gudun hijira. Na karanta wannan koyarwa ta bayyanuwar Allah da Faransanci da Turanci, na saurare ta da Italiyanci a bakin manyan malamai. Yanzu ma ran Asabar muna zama a cocinmu mu karanta tare, matasa suna dubawa a waya, uwa tana zaune kusa da ɗanta na fari tana kiran sunansa ba ko ɗar. Ba na cewa sun yi kuskure. Sai dai idan muka zo wurin kogin nan sukan wuce shi da sauri, ba ya tsayar da kowa, domin ba su san abin da yake ci wa babba ya buɗe baki ba.

Mahaifina ya tsufa a hannuna, idonsa ya mutu, yawancin abubuwa suka ɓace masa. A watanninsa na ƙarshe yakan kira ni ya ce, "Kai kana wurin. Mi ta ce?" Sai in zauna a bakin gadonsa in faɗa masa, kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Haka ta ce. Amma ba haka muryarta take ba."

Cikin waɗanda suka ji ta a ranar, ni kaɗai na rage, kuma hanyar zuwa kabarinta ba ta biyuwa. Kalmomin suna nan a bakina daidai yadda ta faɗe su. Muryar ce na nema a ƙasashe da harsuna ban samu ba.